Kogin Kaduna da Kwarinsa

Jama'a, yau za mu karanta labarin wani maƙwabcinmu wanda ya girme mu duka, ya girmi kakanninmu, ya kuma girmi birnin da ya ci sunansa. Watau kogin Kaduna. Mu da ke zaune a Makera da Kakuri da ƙauyukan da ke kudu da shi, kullum sai mun haye shi in za mu cikin gari. Amma da yawanmu ba mu san inda ya fito ba, ba mu san inda ya nufa ba, ba mu kuma san abin da ya sa halinsa na rani ya saɓa da na damina ba.

Ku je bakin gada cikin watan Maris ku leƙa. Za ku ga baƙaƙen duwatsu sun fito fili, ga farin yashi, ga ruwa yana bin tsakaninsu kamar ba ya so. Mata na wanki, yara na wasa, Fulani na shayar da shanu. To, ku koma wurin nan cikin watan Satumba. Babu dutse, babu yashi. Ruwa ne ja wur daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da itatuwa da shara, yana ruri. Kogi ɗaya ne, amma hali biyu gare shi. Wanda ya san na rani kaɗai, rabin kogin ya sani.

Daga ina, zuwa ina?

Kogin ya faro ne daga kan tudun Jos, kusa da wani gari da ake kira Vom, wajen mil 18 kudu maso yamma da Jos. Wurin yana da bisa ƙwarai, gama tudun Jos ya kai ƙafa 4,000 sama da teku, Kaduna kuwa wajen ƙafa 2,000 ce. Saboda haka gangara ruwan yake yi tun daga farko. A can ɗan rafi ne. Sai ya miƙe arewa maso yamma, yana karɓar ƙoramu hagu da dama. Babba cikin waɗanda ke zuba masa kafin ya iso mu shi ne kogin Galma, wanda ya biyo ta kusa da Zariya. Har ruwan Kubanni na Zariya, ta Galma yake zuwa mana. Da ya rage saura mil 22 ya iso Kaduna, sai ya yi kwana, ya juya kudu maso yamma, ya ratsa gari ya raba shi biyu.

Daga nan ya shiga Jihar Neja. A Shiroro ya kutsa cikin wani matsatsin kwazazzabo na dutse, mai tsawon wajen mil 2. Ya wuce Zungeru da Wushishi, kogin Mariga ya haɗu da shi, ya sauka ƙasar Nufe inda ƙasa ta kwanta, sa'an nan ya zuba cikin Kwara a Muregi, daura da Fatigi. Tsawonsa duka mil 340 ne, watau kilomita 550. Kwara kuma ta ɗauki ruwan ta gama da na Binuwai a Lakwaja, su tafi tare. Ashe ruwan da kuka wanke ƙafa da shi a Makera, ƙarshensa teku.

Duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin kogi ɗaya, ita muke nufi in mun ce kwarin kogi. Don haka gonar mutumin Kujama, da ta mutumin Zariya, da ta wanda ke gefen Vom, duk a kwari ɗaya suke, ko da masu su ba su san juna ba.

Sunan fa? Hausawa sun ce daga kada ya fito, gama a tsohuwar Hausa jam'in kada shi ne kadduna, kogin kuwa cike yake da su a da. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna da tasu magana, sun ce daga kalmarsu ce, Odna. Har yau dai kada ne alamar garin.

Abin da ya sa ya yi hali biyu

Na fari, ruwan sama. A ƙasar Kaduna akan yi ruwa wajen inci 50 a shekara. Ga yadda za ku gane yawansa: da a ce duk ruwan da aka yi a shekara ya tsaya inda ya sauka, bai nutse ba, bai gudu ba, rana ba ta shanye shi ba, da ya kawo wa babban mutum ƙirji ko'ina a ƙasar nan. Amma ba a raba shi daidai cikin wata 12 ba. Yakan fara a Afrilu ko Mayu, ya ɗauke a Oktoba, mafi yawansa kuwa a Yuli da Agusta da Satumba yake zuba. Daga Nuwamba zuwa Maris, da ƙyar a ga ɗigo.

Na biyu, ƙasar kanta. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a nan ya sani: bayan ƙasar sama sai jar ƙasa, sai marmara, sai dutse. Dutsen nan shi kuke gani ya ɓullo a tsakiyar kogi da rani, shi ne kuma ya yi tsiri a Kujama da Kajuru da Kufena ta Zariya. Ba ya shan ruwa sai ta tsaga. Da farkon damina ƙasa tana da ƙishirwa, duk abin da ya zubo sai ta shanye, kogi ba ya motsi sosai. Amma in marka ta kama a Agusta, ƙasa ta ƙoshi. Kamar tulun da ya cika ne, ko moɗa ɗaya ka ƙara sai ta zube. Daga nan duk ruwan da aka yi a gona da daji da kan kwano, kogi yake nufa, kuma gaba ɗaya.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane. Wata rana sama ta yi garau a Kaduna, ko gajimare babu, amma sai a wayi gari kogi ya cika. Ba aikin aljanu ba ne. Ruwan da aka yi a tudun Jos ko a ƙasar Zariya ne, ya kwana a hanya, yanzu ya iso. Masu kwale-kwale sun san wannan. Mai ɗiban yashi da mai gona a tsibiri su ma ya kamata su sani, kada su dubi saman kansu kaɗai.

Na uku, ciyawa da itatuwa. Wannan ku gwada da kanku. Ku ɗebo ruwa bokiti biyu, ku nemi wuri mai ɗan gangare. Ku zuba ɗaya a kan ƙasa tsirara, ɗaya a kan ciyawa. Na farko zai gudu nan da nan, ja, ya kwashi ƙasa. Na biyu zai tsaya ya nutse a hankali. Ruwan da ya nutse bai ɓata ba, shi ne ke tsatsowa cikin rijiya da rafi da rani. Ƙasar da aka sare wa itace aka ƙone wa ciyawa, koginta ya fi fushi da damina, ya kuma fi saurin ƙafewa da rani.

Fadama

To, in kogi ya cika ya batse, ina zai sa ruwan? Allah ya yi masa ɗaki na biyu, shi ne fadama. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan da ke gefensa, mai baƙar laka, tasa ce. Da rani aro yake ba mu. Ba kowace shekara yake karɓar abinsa duka ba. Wani lokaci ya shekara biyar ko goma bai kai can ƙarshenta ba, har mutane su manta. Amma shi ba ya mantuwa.

Shigar nan da yake yi ita ce arzikin fadama. Jan ruwan damina ƙasa ce yake ɗauke da ita daga gonakin tudu. In ya bazu a fadama ya rage gudu, sai ya sauke ta. Shi ya sa ake noman shinkafa da rake a wurin, da rani kuma a yi lambun tumatir da alayyafo da kuɓewa. A ƙasar Nufe, inda fadamar ta fi faɗi, shinkafa ce babban noma. Kifi ma yana bin ruwan ya shiga cikin ciyawar fadama ya yi ƙwai, 'ya'yan su yi girma a ɓoye, sa'an nan su koma kogi in ruwa ya fara janyewa. Inda aka cike fadama aka yi gini, masunci ya rasa wurin haihuwar kifinsa.

Dajin da ke kwarin nan ba kurmi ba ne irin na kudu, ba kuma fili mai ƙaya ba ne irin na can arewa. Tsaka-tsaki ne. Doka ce ta fi yawa a cikinsa, da maje da taura da marke, da kaɗanya da ɗorawa waɗanda manomi ba ya sarewa. Ƙarƙashinsu gamba ce, wadda da kaka takan fi mutum tsayi. A bakin rafuka kuwa, inda damshi ba ya yankewa, sai itatuwa su yi duhu, maɗaci da ɗinya da kanya da gora. Irin wannan wuri ake kira kurmi. Ku lura da sunayen unguwanni: Kurmin Gwari nan kusa da mu, Kurmin Mashi can ƙetare. Sunan ya rage, kurmin ya tafi.

A da akwai ɓauna da gwanki da mariya a dajin nan, akwai dorina a gurabe masu zurfi. Yanzu ba a ganinsu kusa da gari. Tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da minjirya suna nan, ko da yake masunta suna kukan sun ragu. Zalɓe yana nan a bakin ruwa, belbela tana bin shanu, shamuwa kuma ba ta daina zuwa ta ba da labarin damina ba.

Mutanen da

Tun kafin a yi birni, Gbagyi ne ke zaune a wannan yanki, manoman doya da dawa, waɗanda matansu ke ɗaukar kaya a kafaɗa. Kudu maso gabas, wajen Kajuru da Kaciya, akwai Adara, waɗanda ake kira Kadara. Ƙasar tana ƙarƙashin Zazzau. Fulani suna zuwa da shanu, fatake suna ratsawa da jakuna, suna jiran ruwa ya sauka su haye. Can ƙasa a Muregi akwai Kyadya, wani reshe na Nufawa, waɗanda sana'arsu tuƙin jirgi ce.

Abin lura shi ne, mutanen da suna noma a fadama, suna su a kogi, amma galibi a kan tudu ko gindin dutse suke kwana. Dalili ɗaya tsoron mahara ne, gama zamanin kamun bayi ne. Dalili na biyu ambaliya. Na uku kuwa ƙudaje.

Ƙudan tsando yana son inuwar kurmin bakin rafi. Shi ke sa wa mutum ciwon barci, ya sa wa shanu sammore. Akwai kuma wani ɗan baƙin ƙuda da ke ƙwai a kan duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Cizonsa yana sa ƙananan tsutsotsi a jiki, su kawo ƙaiƙayi, in an daɗe su makantar da mutum. Kogin Kaduna kuwa mai duwatsu ne. Mutanen da ba su san tsutsar ba, amma sun lura ƙauyen da ya matsa bakin ruwa ya fi yawan makafi, sai suka ja da baya.

An yi yaƙi da ƙudajen nan. Tun daga 1937 aka yi babban aiki a ƙasar Ancau ta Lardin Zazzau, aka sare kurmin bakin rafuka don a kori tsando, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A 1951 aka buɗe wurin binciken ciwon barci da sammore a Kaduna, da reshe a Vom, watau kusa da mafarin kogin. Maganin tsutsar makanta kuma, Mectizan, tun 1987 kamfanin da ke yinsa ya ce kyauta zai riƙa bayarwa. Cututtukan nan sun yi sauƙi ƙwarai. Wadda ba ta tafi ba ita ce tsargiya, mai sa yaro fitsarin jini. Tsutsarta daga ƙananan katantanwa take fitowa a ruwan da ke kwance, ta huda fatar mai wanka. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗi, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti.

Yadda birni ya zo

A 1900 Turawan Ingila suka kafa mulki a Arewa ƙarƙashin Gwamna Lugga. A 1902 ya mai da hedkwatarsa Zungeru, a bakin kogin nan namu, yana so jiragen ruwa su riƙa kawo masa kaya daga Kwara. Nan halin kogin ya ba shi wahala. Jirgi ba ya iya hawowa sai tsakanin Yuli da Oktoba, har sai da aka shimfiɗa 'yar ƙaramar hanyar jirgin ƙasa ta mil 22 daga Barijuko zuwa Zungeru don jigilar kaya. Ga zafi, ga sauro. A Zungerun nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. A shekarar ce kuma aka yi 'yar gadar ƙarfen nan ta ƙafa, wadda daga baya aka ciro aka kawo Kaduna, aka kafa a lambun Gamji.

Hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta isa Kano a 1911, kuma a nan wurinmu ta haye kogin. Lugga ya duba ya ga wuri mai ruwan sha, mai jirgi, wanda ya fi Zungeru sanyi, kuma ba cikin birnin wani babban sarki ba. A 1913 aka fara kawo soja, a 1917 hedkwatar Arewa ta dawo Kaduna. Ofisoshi da gidajen Turawa arewa da kogi aka yi su, a kan tudu. Kudu kuwa ta zama ta reluwe. Wajen 1927 hanyar Fatakwal ta biyo ta Kafancan ta haɗu da ta Legas a wannan ɓangare, a tashar da ake kira Kaduna Junction. Leburori da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa na kowace kabila suka taru. Haka Makera ta yi girma, har yau ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu.

Mai jin Hausa ya san maƙera wurin aikin maƙeri ne. Sunan kuwa ya dace da abin da ya biyo baya. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. A tsakiyar shekarun 1960 UNTL da masaƙar Arewa suka biyo. A 1975 aka buɗe wurin harhaɗa motar Peugeot, a 1980 matatar mai wajen rafin Romi. Me ya kawo masaƙu nan? Jirgi yana kawo auduga daga Funtuwa da Gusau da Zariya, wanke yadi da rini kuma ruwa suke ci da yawa. Kogi ne ya kawo su.

Abin da suka mayar masa bai yi kyau ba. Ruwan rini ta manyan lambatun Makera da Kakuri yake bi ya faɗa kogi. Tsofaffin ma'aikata sukan ce daga launin lambatu ake gane abin da ake rinawa a ranar. KTL ta rufe a 2002, yawancin sauran suka bi ta, dubban mutane suka rasa aiki. Rinin ya ragu, amma leda da sharar gida sun maye gurbinsa.

An kuma datse kogin a wurare. A shekarun 1970 aka yi madatsar Kangimi a kan wani rafi da ke zuba masa sama da gari, don a riƙa sako ruwa da rani famfo ya samu. A 1990 aka gama ta Shiroro mai ba da lantarki megawat 600, ƙauyuka da dama suka tashi don tafkinta. A 2013 aka fara ta Zungeru mai megawat 700. In ruwa ya ci Kaduna za ku ji wasu na cewa Shiroro aka saki. Ku tuna da darasin farko. Shiroro da Zungeru duk ƙasa da mu suke, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. In an sake su, mutanen Wushishi da ƙasar Nufe ke shan wahala. Namu ruwan daga sama yake zuwa, daga wajen Jos da Zariya, da kan rufin ɗakunanmu.

Filin da aka saya a Maris

Mutanen Kaduna yanzu sun haura miliyan ɗaya. Tudu ya cika, fili ya yi tsada, ƙudajen da ke korar mutane daga bakin ruwa kuma sun ragu. Bayan rikicin shekara ta 2000 iyalai da yawa suka yi ƙaura, wasu suka haye arewa, wasu suka haye kudu, kowa yana neman wurin zama da gaggawa. Sai aka shiga fadama da bulo da siminti. A Agustan 2003 kogi ya zo karɓar ɗakinsa, ya shiga gidaje a gaɓar arewa da ta kudu, dubban mutane suka kwana a makarantu da gidajen 'yan'uwa. A Satumban 2012 ya sake. Tsakaninsu da bayansu ma an yi ƙananan.

Akwai wani dattijo a ɗaya daga cikin azuzuwanmu, tsohon ma'aikacin masaƙa. Ya tara kuɗi shekara da shekaru, aka kai shi wani fili cikin bazara, shimfiɗaɗɗe, busasshe, ga araha. Aka ba shi takarda ya dangwala yatsa, bai san abin da ke ciki ba. Ya yi ɗaki biyu. Damina uku lafiya lau. A ta huɗu ruwa ya kawo taga cikin dare, ya fita da iyalinsa da tufafin jikinsu. Da ya koma wurin wanda ya sayar masa, aka karanta masa takardar, ashe babu ko hatimin hukuma a kanta. Ya gaya mini wannan ne ya kawo shi aji da furfurarsa. Yanzu yana karanta wasiƙa da kansa.

Ni a ganina ba ruwan ya cuce shi ba, rashin sani ne da maƙetacin dillali. Fadama ba ta ɓoye kanta ga mai lura. In an nuna muku fili kusa da kogi ko rafi, kada ku biya sai kun gan shi a Satumba. Ku dubi ƙasar: in baƙa ce mai tsagewa da rani, ruwa na kwanciya a kanta. Ku dubi itatuwa: in kun ga busasshiyar ciyawa da leda sun maƙale a reshe sama da kanku, ba iska ta kai su ba. Ku dubi bangon maƙwabta ko akwai zanen laka. Ku tambayi tsohon da ya yi noma a wurin tun yana yaro, ba dillali ba. Sa'an nan ku kai takardar ofishin filaye a duba.

Ba mu kaɗai muka taɓa yi wa ƙasa garaje ba. A yammacin Amurka akwai wani fili mai faɗin gaske, ciyawa zalla, itace sai a bakin koguna. Ɗaya daga kogunan sunansa Platte, mai faɗi marar zurfi, cike da tsibiran yashi. Asalin mutanen wurin farautar wata irin ɓauna suke yi, wadda a da take miliyoyi. Turawa suka zo da jirgin ƙasa da bindiga, kafin 1890 ɓaunar ta kusa ƙarewa. Sa'an nan suka sa garma suka tuge ciyawar kudancin filin don noman alkama. Da fari ya zo a shekarun 1930, babu saiwar da za ta riƙe ƙasa, sai iska ta kwashe ta, rana tsaka ta zama dare don ƙura. Dubban manoma suka bar gonakinsu. A 1935 gwamnatinsu ta kafa ofishin kiyaye ƙasar noma, kafin 1942 kuma an dasa itatuwa wajen miliyan 220 jere-jere don tare iska. Su iska ce ta kwashe tasu. Tamu ruwa ke kwashewa, ita ce jan nan da kuke gani ƙarƙashin gada. Kowace motar gawayi da ke shigowa daga dajin Kaciya ko Birnin Gwari, doka ce da maje aka sare. Mai gona a bakin rafi ya bar ɗan zirin ciyawa da itace tsakanin kunyarsa ta ƙarshe da ruwa, ko da taki goma ne.

Aikin aji

Ma'aikatan ruwa suna da ma'auni a bakin kogi, dogon katako ko ƙarfe mai lambobi, suna rubuta tsayin ruwa. Ku ma yanzu kun iya lamba, kun iya rubuta kwanan wata. Kowane aji ya zaɓi itace ɗaya mai ƙarfi ko dutse a bakin rafin da ya fi kusa, inda za a iya hangowa daga tudu ba sai an shiga ruwa ba. Tun da rani ku auna daga gindi, ku shafa farar ƙasa ko fenti a kowace ƙafa ɗaya, ku rubuta 1, 2, 3, har sama. Ku sami littafi guda, ku ja layi biyu: ɗaya kwanan wata, ɗaya lambar da ruwa ya kai. Ku fara daga ranar da kuka ga shamuwar farko, sau ɗaya a mako, in marka ta kama kuwa kullum. Ranar da ruwa ya hau ba a yi ruwan sama a wurinku ba, ku sa mata alama. In kaka ta yi ku kawo littafin, mu gwada na Makera da na Nasarawa da na Romi.